Yadda ake gasa sanwic na cuku da niƙaƙƙen nama a gida

Karon farko da na gwada wannan sanwic, abin da na sauke daga kasko ba ya shiga ido. Bayan burodin ya yi baƙi ƙirin, cukun ciki ko gezau bai yi ba, yana nan a sandare yadda na yanka shi, ina kai cizon farko kuma naman ya sulale ta ɗaya gefen ya watse min a cinya. Na ɗora laifin a kan burodin, na sake wani, aka maimaita. Sai a karo na uku ko na huɗu na gane cewa matsalar daga wuta take. Abincin nan wuta iri biyu yake so, kuma ba sa ga maciji da juna. Nama yana son wuta mai ƙarfi da za ta soya shi ya tsane, burodi da cuku kuwa 'yar ƙaramar wuta suke so wadda za ta ratsa su sannu a hankali. Wanda ya nemi ya yi aikin biyu da wuta ɗaya, ko dai ya ci ƙonannen burodi ko ya ci jiƙaƙƙen nama.

Saboda haka, uwargida, za mu raba aikin gida biyu, mu gama da nama tukuna kafin mu waiwayi burodi. Awon da zan bayar na sanwic huɗu ne masu kauri, irin wanda guda ɗaya ke ƙosar da babban mutum. Daga yanka albasa zuwa zama a ci, minti 40 ya wadatar.

Kayan da za a tanada

Niƙaƙƙen naman sa giram 400, burodi yanka takwas, cuku giram 250, albasa babba guda ɗaya, tafarnuwa ƙwaya biyu, tumatirin gwangwani babban cokali ɗaya, mustad (wani kwaɓi mai ɗan yaji da tsami) ƙaramin cokali ɗaya in kina so, gishiri rabin ƙaramin cokali, garin masoro da ɗan barkono gwargwadon bakinki, man suya babban cokali ɗaya, sai bota kamar babban cokali huɗu. Ki fito da botar daga firij tun kafin ki fara komai don ta yi laushi. Bota mai sanyi yage burodi take yi, ta taru wuri ɗaya ta bar wani wurin fayau.

Kada naman ya zama tsoka zalla. Wanda ke da kitse kamar kashi 20 cikin ɗari shi ya fi, domin kitsen ne ke ɗauke da ɗanɗano, shi ne kuma ke hana nama ya koma kamar dusa bayan suya. In ke za ki bayar a niƙa, naman kafaɗa ya fi dacewa. Kuma don Allah kada ki wanke niƙaƙƙen nama. Ruwan ba ya kashe ƙwayoyin cuta, sai dai ya fantsama su kan kwanuka da hannu, ya kuma bar miki nama sharkaf wanda ba zai soyu ba. Wuta ce ke tsaftace shi.

Burodi kuwa a sami mai ɗan jiki, wanda in kin danna shi da yatsa zai dawo. Kaurin yankan santimita ɗaya da rabi ya yi daidai. In ya fi haka siranta, nauyin nama zai karya shi wajen juyawa. In ya fi haka kauri, zafi ba zai isa ga cuku ba sai bayan waje ya ƙone. Burodin jiya ya fi na yau kyau a wannan aiki, saboda ya ɗan sha iska, ba ya saurin jiƙewa. Mai sukari da yawa kuma saurin ƙonewa gare shi, in shi ne a hannunki sai ki ƙara rage wuta.

A kan cuku ne zan ɗan daɗe, domin a nan mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Ba kowane cuku ne ke narkewa ba. Halloumi da paneer, ko kin kwana kina gasa su, za su yi ja ne kawai su tsaya da siffarsu. Feta marmashewa yake yi. Parmesan da ya daɗe a ajiye ya bushe da yawa, sai zafi ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Selshiyos kafin ya saki jiki, kuma ko ya sake ɗin mai yake tsatsowa. Waɗanda ake so su ne masu sauran danshi a jikinsu. Mozzarella, ɗan asalin Italiya, yana narkewa tun wajen digiri 55, shi ne mai jan zaren nan da yara ke so, sai dai ɗanɗanonsa lami ne. Cheddar, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a yankin Somerset na Ingila, yana narkewa wajen digiri 65, yana da ɗan tsami da gishirin da ke iya tsayawa gaban nama. Ni rabi da rabi nake yi, cheddar don baki, mozzarella don danƙo. In cheddar za ki saya, ɗauki wanda bai tsufa sosai ba, domin tsohon, duk da ya fi ƙamshi, yakan rabu ya bar mai a gefe.

Akwai kuma cukun nan mai yanka-yanka da ake naɗe kowane a leda. Masu ji da kansu a girki suna raina shi, ni ba na raina shi. An sarrafa shi ne da wasu sinadaran gishiri da ke hana mai rabuwa da sauran jikin cukun, shi ya sa yake narkewa sumul ba gudaji. Yanka ɗaya a kowane sanwic, a haɗa da cheddar, yana gyara narkewar gaba ɗaya. Abin da ba na so shi ne gurzajjen cuku na cikin leda. Ana barbaɗa masa sitaci ko makamancinsa don kada ya manne da juna a leda, wannan garin kuma shi ke hana shi haɗewa da kyau a kasko. Ki sayi dunƙule ki gurza da kanki, ta ɓangaren manyan ramuka na abin gurza. Yana da sanyi ya fi daɗin gurzawa, in kin gama sai ki bar shi a waje ya huce sanyin firij kafin a zo kansa.

Ki gurza cukun, ki yanka albasa ƙanana, ki daka tafarnuwa, ki jera burodi, duk kafin ki kunna wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da zarar nama ya shiga kasko ba za ki sami sararin neman wuƙa ba.

Wuta ta farko: suyar nama

Ɗauki kasko mafi faɗi da kike da shi, mai kaurin gindi in da hali. Zuba man suya, ki sa albasa a matsakaiciyar wuta da ɗan gishiri, kina juyawa jifa-jifa. Minti shida zuwa takwas za ta yi laushi, gefenta ya fara yin ja, ƙamshinta ya tashi daga yaji zuwa zaƙi. Kwashe ta ki ajiye a faranti. Da yawa suna zuba nama kan albasar kai tsaye, amma albasa ruwa ce da ita, ruwan nan kuwa shi ne abokin gabar suya.

Yanzu ƙara wuta sosai. Bari kaskon ya yi zafi har ki ga man da ya rage yana sheƙi yana gudu in kin karkata shi. Sa naman, ki baje shi da bayan cokali ya rufe gindin kaskon kamar faifai ɗaya, sannan ki cire hannunki. Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, domin hannu zai yi ta ƙaiƙayi yana son juyawa. Bar shi minti uku cur. Za ki ji ƙarar suya mai kaifi, cau-cau, ki ga gefen yana sauya launi. In kin ɗaga wani ɓangare kika ga ƙasan ya yi ja mai duhu ya ɗan ƙame, to lokacin juyawa ya yi.

Dalilin wannan haƙuri shi ne, jan da nama ke yi da ƙamshin da ke biyo shi suna faruwa ne in zafi ya haura wajen digiri 140, lokacin da sinadaran furotin da ɗan sukarin da ke jikin nama suka haɗu. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan a 1912, har yau da sunansa ake kiran abin. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100. Muddin akwai ruwa kwance a kasko, naman dahuwa yake yi, zai fito fari-fari ba armashi. In kika yi ta juyawa tun farko, kina sanyaya kaskon ne kina kuma matso ruwan naman. Haka in kaskon ƙarami ne kika cika shi maƙil, tururin ba zai sami hanyar fita ba. In kaskonki bai kai ba, raba naman biyu ki soya kashi-kashi. In kuma ruwan ya riga ya fito, kada ki tsiyaye shi, ɗanɗano ne a ciki. Bar wutar da ƙarfinta har ya ƙafe, za ki ji ƙarar ta sauya daga ɓararrakar tafasa zuwa ta suya.

Bayan kin juya, sai ki farfasa naman da bakin cokali ya zama ƙanana, kamar girman wake ko ƙasa da haka. Manyan gudaji su ne ke gangarowa daga cikin burodi. Sa sauran gishirin da masoro da barkono. Ki yi hankali da gishiri, domin cuku na da nasa, bota ma sau da yawa na da nata, in suka haɗu a baki za su ninka abin da kika ɗanɗana a cokali.

Niƙaƙƙen nama ba a barinsa da sauran ja a ciki, ko da ke mai son gasasshen nama ne da bai gama dahuwa ba. A dunƙulen nama, ƙwayoyin cuta irin su E. coli a fatar waje suke zama, wuta na taɓa su sun mutu. Injin niƙa kuwa yana cakuɗa waje da ciki, sai su bazu ko'ina. Zafin da ake so ya kai shi ne digiri 71 a ma'aunin Selshiyos, wato 160 a na Farenhait. In kina da ma'aunin zafin abinci, tara naman wuri ɗaya ki soka a tsakiya. In babu, da yake an farfasa shi ƙanana, minti bakwai zuwa takwas a wuta mai ƙarfi har babu sauran ja ko kaɗan ya isa. Faranti da cokalin da suka taɓa ɗanyen nama kuma a wanke su da sabulu kafin su taɓa burodi ko cuku.

Karkata kaskon ki duba kitsen da ya taru. In ya fi babban cokali ɗaya, kwashe rarar da cokali. Kada ki zuba shi a magudanar wanke-wanke, daskarewa zai yi ya toshe ta. Rage wuta zuwa matsakaiciya, ki buɗa wuri a tsakiyar naman, ki sa tafarnuwa da tumatirin gwangwani a wurin su soyu minti ɗaya, har tumatirin ya yi duhu ɗanyen warinsa ya tafi. Mayar da albasar, sa mustad, ki gauraya. In kin ga wani abu ja ya manne a gindin kasko, zuba ruwa babban cokali biyu ki kankare shi ya shiga cikin naman, nan ne daɗin yake. Ci gaba da juyawa har ruwan ya ƙafe ƙaf. Gwajin shi ne ki ja cokali ta tsakiyar kaskon. In hanyar da cokalin ya bi ta tsaya a bushe, an gama. In ruwa ya biyo ya rufe ta, da saura.

Sauke daga wuta. Ga dabarar da ta raba ni da zubewar nama a cinya: ɗebi cukun da kika gurza cikin tafin hannu ɗaya, ki watsa cikin naman tun yana da zafi, ki juya har ya narke ya ɓace. Ba za ki gan shi ba, amma zai riƙe ƙwayoyin naman su zama abu ɗaya da ake iya ɗiba a ɗora. Ɗanɗana, ki gyara yaji in da buƙata, ki bar shi ya sha iska minti biyar. Da ɗumi ake son a yi amfani da shi. In yana tururi zai jiƙa burodi, in ya yi sanyi kuma zai hana cuku narkewa daga ciki.

Haɗawa

Goge kaskon tas da tishu, ko ki ɗauko wani, domin ragowar nama da tumatir ƙonewa za su yi su ɓata bayan burodin. Ɗora shi a matsakaiciyar wuta ba mai, ki ɗan gasa fuska ɗaya ta kowane yanka kamar minti ɗaya, har ta bushe ta fara sauya launi. Wannan fuskar ita za ta kalli ciki. Ana iya tsallake wannan mataki in ana sauri, amma ni ban cika tsallake shi ba, domin busasshiyar fuskar tana tare danshin nama, ɗuminta kuma yana fara narka cuku tun kafin a koma wuta.

Ɗaya fuskar, wadda ba a gasa ba, ita za ki shafa wa bota. Shafi siriri, amma ya kai har baki da kusurwoyi, domin duk inda bota ba ta taɓa ba zai fito fari ko ya ƙone a bushe. Wasu mayonis suke shafawa maimakon bota, kuma suna da hujja: mai ne da ƙwai, yana shafuwa ko daga firij aka fito da shi, ba ya saurin ƙonewa kamar bota, yana kuma ba da ja bai ɗaya. Sai dai ƙamshin bota daban ne, ba abin da ke maye gurbinsa. In wutar rishonki mai wuyar saitawa ce, kwaɓa su rabi da rabi ki shafa.

Jeri kuwa haka yake: burodi, cuku, nama, cuku, burodi. Dole nama ya kasance tsakanin cuku biyu, domin cukun ne gam ɗin da ke liƙa shi da burodin sama da na ƙasa. Raba sauran cukun gida takwas a ido. Barbaɗa kashi ɗaya a kan gasasshiyar fuskar, ɗora rubu'in naman ki baje shi da kauri bai ɗaya kamar santimita ɗaya, ki bar ɗan fili a baki-baki kamar faɗin farce, sannan ki rufe da wani kashin cukun. Cuku shi ya kamata ya kai har baki, domin in ya narke ya rufe gefen kamar an ɗinke. Ɗora burodin sama, botar na kallon waje, ki danna da tafin hannu a hankali.

Zuciya za ta ce ki ƙara nama. Kada ki biye mata. Na sha cika sanwic har ya yi tozo don a ce na yi abin kirki, garin gyaran gira na rasa ido, wajen juyawa rabin cikin ya zube a kasko. In nama ya ragu, ajiye shi, gobe ma rana ce.

Wuta ta biyu: gashi

A nan ne za ki manta da wutar ɗazu. Mayar da ita ƙasa da matsakaiciya, ki bar kaskon ya ɗauki zafi minti biyu. Cikin burodi iska ce fal, iska kuwa ba ta saurin isar da zafi, shi ya sa waje ke iya ƙonewa ciki na nan da sanyinsa. Cheddar digiri 65 kawai yake nema, amma sai zafin ya ratsa santimita ɗaya da rabi na burodi kafin ya same shi, ita kuma bota tana fara ƙonewa in kasko ya wuce wajen digiri 150 zuwa 175. Aikinki shi ne ki sa jan waje da narkewar ciki su iso tare.

Sa sanwic biyu a lokaci guda, da tazara tsakaninsu don cokali ya sami wurin shiga. Kunnenki ne ma'auni. In kin ji 'yar ƙara siririya, tsss, kamar raɗa, wutar ta yi. In shiru ne gaba ɗaya, ƙara kaɗan, in ba haka ba burodin zai shanye botar ya yi nauyi. In kuma ƙarar ta yi tsawa ko hayaƙi ya tashi, ɗaga kaskon daga wuta na ɗan lokaci ki rage.

Rufe da murfi na minti biyun farko. Murfin yana tara zafi a sama ya taimaki cukun. Bayan nan buɗe, ki ɗan danna sanwic ɗin da cokali mai faffaɗan baki, dannawar da za ta sa duk fuskar ta taɓa kasko, ba wadda za ta matse cikin ya fito ba. A minti na uku ɗaga kusurwa ki leƙa. Launin da ake nema shi ne na zuma mai duhu, bai ɗaya daga baki zuwa baki. Kusan kowane kasko yana da inda ya fi zafi, don haka in kin ga gefe ɗaya ya riga ɗaya, juya sanwic ɗin a inda yake, gaba ya koma baya. Fuskar farko takan ci minti uku zuwa huɗu. In ta yi ja cikin minti ɗaya, wutarki ta yi yawa, ko da a idonki ƙarama ce.

Wajen kifawa, tura cokalin har ya shige ƙarƙashin sanwic ɗin gaba ɗaya, ɗora yatsun ɗaya hannun a samansa, ki ɗan karkata kaskon ya taryi sanwic ɗin, ki kwantar da shi. Ba wurgawa ake yi ba. A wannan lokacin cukun ƙasa ya riga ya narke ya kama nama, na sama ne bai kama ba tukuna, shi ya sa yatsun ke da amfani. In ɗan nama ya faɗo, tura shi ciki da bakin cokali.

Fuska ta biyu ba a rufe ta. In kika mayar da murfi, tururi zai sauka kan fuskar da ta riga ta yi ƙamas ya mayar da ita laushi, wahalarki ta tashi a banza. Takan kuma fi ta farko sauri, minti biyu zuwa uku, saboda kasko da sanwic duk sun ɗau zafi. Alamar an gama ita ce cuku ya leƙo ta gefe yana ƙyalli, in kin danna tsakiya kuma ki ji ya ba da kai kamar matashi. Cukun da ya zubo ya soyu a kasko ya yi ja, kada ki yar, ɓamɓaro shi ki liƙa a gefe. A gidanmu a kansa ake rigima.

Kafin ki sa biyun da suka rage, sake goge kaskon. Ɗigon botar farko ya riga ya yi duhu, in ya zauna zai ba na biyu ɗaci da baƙaƙen tabo. Ki kuma ɗan ƙara rage wuta, domin kasko yana tara zafi.

In kin sauke, kada ki kwantar da shi a faranti nan take. Tururin da ke fita ta ƙasa ba shi da wurin zuwa, zai jiƙa burodin cikin minti ɗaya. Ɗora shi kan ragar ƙarfe, ko ki jingina shi a bakin faranti iska ta shiga ƙarƙashi, ya huta minti biyu. Hutun nan yana ba cuku damar ɗan kamewa, in kin yanka ba zai malale ba. Yanka da wuƙa mai haƙora, daga kusurwa zuwa kusurwa, kina ja kamar zarto ba tare da dannawa ba.

In abu ya so ɓaci

Abin da ya fi faruwa shi ne burodi ya yi ja cuku bai narke ba. Kada ki bar shi a kan wuta kina fata. Rage wutar zuwa ƙarshe, ki yarfa ruwa kamar rabin ƙaramin cokali a gefen kaskon, nesa da burodin, ki rufe na daƙiƙa 30. Tururin zai ƙarasa narka cukun, sai ki buɗe ki ba kowace fuska 'yan daƙiƙu ta sake bushewa. Mai oben kuma ta sa shi a digiri 180 na minti uku zuwa huɗu. In fuska ɗaya ta ɗan ƙone, kankare baƙin da wuƙa a kan kwandon shara, ba wanda zai sani. In ƙaurin ya shiga ciki kuwa, ɓare wannan yankan ki sa sabo, nama da cuku ba abin da ya same su.

In ya fito da maiƙo yana naso a yatsu, ɗaya cikin uku ne: ba a kwashe kitsen nama ba, ko bota ta yi yawa, ko wutar ta yi ƙasa har burodi ya sha mai maimakon ya soyu.

Game da ƙari, duk abin da za ki sa ki tambayi kanki ko yana da ruwa. Ɗanyen tumatir yana da daɗi a ciki, amma a yanka shi siriri, a cire 'ya'yan, a tsane shi da tishu, a sa shi tsakanin nama da cuku inda ba zai taɓa burodi ba. Yankakken kokwamba mai tsami, wanda aka jiƙa a ruwan kal, yana yanke maiƙon nama da cuku sosai, shi ma a tsane shi. Naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima da ake kira mushroom, sai an soya shi daban har ruwansa ya ƙare. Ganye irin su latas ba sa jure zafi, a ci su a gefe. A Amurka akwai ɗan'uwan wannan sanwic da suke kira patty melt, inda ake mulmula naman a faɗaɗa shi daidai girman burodin a soya shi guda, a haɗa da albasar da ta soyu ta yi zaƙi da cukun Siwizalan a burodin wani hatsi da ake kira rye. In za ki gwada haka, ki faɗaɗa naman ya ɗan fi burodin girma, domin yana tsukewa a wuta, kuma shi ma sai tsakiyarsa ta kai digiri 71.

In mutane da yawa za ki ciyar, kunna oben a digiri 100, ki riƙa jera waɗanda suka gasu a kan raga a ciki har ki gama sauran. Za su jira minti 15 zuwa 20 ba tare da sun yi laushi ba.

Naman da kansa ana iya soya shi tun daren jiya. In ya huce a sa a roba mai murfi a kai firij kafin awa biyu da saukewa, ko awa ɗaya in ana tsananin zafi, zai kai kwana uku zuwa huɗu. Da safe sai ki ɗumama shi a kasko da ruwa cokali ɗaya har ya yi zafi sosai, ki bar shi ya ɗan sha iska, ki haɗa. Sanwic ɗin da aka riga aka gasa ya kwana kuwa, maikirowef zai mayar da burodinsa kamar roba. Mayar da shi busasshen kasko a ƙaramar wuta, da murfi minti uku, ki kifa, ki ba ɗaya fuskar minti biyu a buɗe.